Kada ku zubar da ledar maganin Inna

Wasiƙar wannan mako daga Tawa ta zo, mai ita ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto, na taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni ce ƴar fari wajen mahaifiyata, shekarunta 59. Ta daɗe tana fama da amosanin gaɓɓai, wanda aka rubuta mata a karne da sunan poliyartrit. Kafin mu samu magani yatsunta sun kumbura har ba ta iya ɗaura zane, ba ta iya dama fura, alwala ma sai an zuba mata ruwa. Ni na matsa aka kai ta Yamai. Likita ya ɗora ta kan metotireksat, ƙwaya shida duk ranar Juma'a, da Cortancyl ɗaya kullum da safe. Shekara bakwai ke nan ni ke saye, ni ke ƙirga mata a tafin hannu, kuma ta ji sauƙi har ta koma zuwa kasuwa. Wata uku da suka wuce ta fara rama, zazzaɓi da dare, zufa na jiƙa shimfiɗa, ga ciwon kwiɓi. An yi eko nan Tawa, aka tura mu Yamai aka yi sikana, aka ce akwai ƙari bisa ƙodarta duka biyu. Likitan ya ce yana zargin limfoma ce, wani nau'in ciwon daji, kuma mai yiwuwa maganin Juma'a yana da hannu. Ya dakatar da shi, ya ce mu dawo bayan kwana goma a tsakuro naman a auna. Ƙannena maza biyu da ke bida a Abija sun ce ni na shayar da uwarmu guba shekara bakwai. Kawunmu ya ce a zubar da ledar maganin gaba ɗaya, a koma na gida. Inna ba ta san komai ba, mun ce mata sanyi ne. Hajiya, ni na jawo mata? Mu zubar ɗin? Mu gaya mata?"

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Na san tambayar laifi ce ta hana ki barci, kuma zan zo kanta. Amma akwai wadda ta fi ta gaggawa, domin ita tana iya ɗauke mutum cikin ƴan kwanaki, alhali ƙarin nan yana ba ku lokacin shiri. Ajiye wayar ki je ki duba ledar. In Cortancyl yana nan, ki ɓoye shi inda hannu ba ya kai sai naki. In an riga an zubar, a nemi farmasin da ke gadi ko da tsakar dare ne, a sayo, ta ci gaba da sha yadda aka rubuta. In kuma ta kwana biyu ba ta sha ba, kika ga jiri ko amai ko ta kasa zama da kanta, kada ku jira gari ya waye, ku nufi asibiti.

Ga dalili. Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan nama zaune kamar hula a kan yaro, likitocinmu suna ce masa surenal. Nauyin kowanne bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cikin kitse yake ɓoye, mahauci ma in yana gyaran rago ba lallai ya kula da shi ba. Amma shi ke fitar da wani sinadari mai suna kortizol, wanda ke riƙe awon jini kada ya faɗi, ya riƙe sukarin jiki, ya ba mutum ƙarfin jure zazzaɓi da rauni da tiyata. Shi kuma ke fitar da wani na biyu da ke hana gishiri da ruwa zurarewa ta fitsari. Mutum na iya tsufa da ƙoda ɗaya, amma ba ya rayuwa babu kortizol.

Inna kuwa ta fuska biyu aka tare ta. Cortancyl, wato piredinizon, ɗan'uwan kortizol ne da aka haɗa a masana'anta. Duk wanda ya sha shi kullum fiye da ƴan makonni, surenal ɗinsa na ganin ana kawo abinci daga maƙwabta, sai ya kashe murhunsa. Bayan shekara bakwai murhun ya yi sanyi ƙalau, ba ya kamawa rana ɗaya. Sai an yi ta rage ƙwayar kaɗan-kaɗan, wata da watanni, kafin ya farfaɗo. Ga kuma ƙari ya zauna a kan duka biyun yana cin naman, ta yadda ko an ce ya farfaɗo, mai yiwuwa babu abin farfaɗowar. Ke nan ƴar ƙwayar nan ta safe, wadda Kawu ke son ta bi shara, ita ce kusan duk kortizol ɗin da ya rage a jikin mahaifiyarki.

Na ga irin wannan da idona lokacin da nake aikin jinya. Wani dattijo ne mai asma, ya shekara yana shan kortizon, wato magani irin su Cortancyl, ɗansa ya ji an ce maganin na cin ƙashi, ya ɗauke don ƙauna. Kwana huɗu aka kawo shi kwance a amalanke, jiki sanyi, an ɗaura abin awon jini ba a ji komai ba. Allah ya sa majo, babban ma'aikacin jinyarmu, ya tambayi abin da yake sha a da. Aka yi masa allurar idrokortizon, wato kortizol ɗin kansa da aka mai da magani, aka rataya ruwan gishiri, kafin la'asar ya buɗe ido yana neman hularsa. Da sun ƙara kwana a gida, da wani labarin ake yi. Har yau ina tuna fuskar yaron, don shi ma cewa yake yi shi ya kashe ubansa.

Saboda haka ki san alamun da za su tashe ku: amai da ba ya tsayawa, gudawa, ciwon ciki mai tsanani, jiri in ta miƙe, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinta. In ta yi amai cikin rabin awa bayan shan ƙwayar, ki ɗauka ba ta shiga ba. Ta sake sha, in ta sake dawowa sai allura. Tun kafin ranar randebu ki kira likitanta, ko ki shiga asibitin Tawa da takardar sikana, ki yi waɗannan tambayoyin baki da baki. Shin ƙwaya ɗaya ta ishe ta yanzu da surenal biyu suka kamu, ko a mai da ta kan idrokortizon? Nawa za ta sha ranar da zazzaɓi ya rufe ta? Ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka, amma shi zai rubuta miki adadin. Tana buƙatar ƙwaya ta biyu mai riƙe gishiri, wadda ake kira fuludrokortizon? A auna mata gishirin jini, sodiyom da potasiyom, da sukari. Ki roƙe shi ya rubuta miki allurar idrokortizon mai miligiram 100 ki ajiye a gida, a koya miki ko wani ma'aikacin lafiya na unguwa yadda ake yinta a cinya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma rubuta ƴar takarda da Faransanci, mai cewa wannan mata tana kan kortizon shekara bakwai kuma surenal ɗinta biyu sun kamu, a ɗaure ta a bakin zanenta ko cikin jakarta. Duk asibitin da aka kai ta, takardar za ta yi magana kafin ku.

Zafin Adar kin san shi, ba sai na gaya miki ba. Mai irin wannan ciwo zufa kaɗai na iya kayar da shi, don gishirinsa ba ya zama. Kada a hana ta gishiri a miya sai in likita ya ce, kuma in kika ga tana marmarin abu mai gishiri ko fatarta da dasashinta na ƙara duhu, ki faɗa masa, alama ce. Ruwa ya zauna kusa da ita dare da rana. In tana azumin Litinin da Alhamis ko tana da ramuwa, ta jinkirta. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame, ku tambayi malamin da ta yarda da shi ya faɗa mata da bakinsa. Ranar tafiya Yamai, kilomita kusan 550 ne a zaune cikin mota, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Ta sha ƙwayarta kafin ku tashi, sauran da allurar su zauna a jakar hannunki, kada su shiga ƙarƙashin mota tare da kaya. In jiki ya rikice a hanya ku sauka garin da ya fi kusa, kada ku ce sai kun isa.

Abu ɗaya kuma: kada ki rarrabe ƙwayoyin da launi. Metotireksat da ƙwayar asid folik da ake haɗawa da shi sau da yawa duk rawaya ne, farare kuwa sun fi a ƙirga. Ki karanta sunan a jikin katin. Na Juma'a ki fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, ki mayar wa mai farmasi ko likita, kada wani ya ba ta bisa kuskure, kada kuma yaro ya tsinta.

To, yanzu maganar da ke cin zuciyarki.

Gaskiya ne akwai limfomar da ke tasowa ga masu shan metotireksat. Likitan bai yi muku ƙarya ba, kuma na yaba masa da ya faɗa, don wani sai ya yi shiru. Limfoma daji ce ta fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke zaune cikin kaluluwa suna tsaron jiki. Amosanin gaɓɓai irin na Inna kuwa garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar gaɓoɓin mai ita, shi ya sa maganinsa yake lafar da garkuwar. In garkuwa ta lafa, wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr takan samu sarari. Fiye da mutum 9 cikin 10 na manya a duniya suna ɗauke da ita, yawancinmu tun muna yara muka same ta ta yawu, tana kwance ba ta cutar da kowa. A 1964 aka gano ta, cikin naman wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Afirka, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda. Ga ƴan ƙalilan, in mai gadi ya yi gyangyaɗi, sai ta sa fararen ƙwayoyin nan su yi ta hayayyafa. A 1993 wasu likitoci a Amurka suka ba da labarin marasa lafiya biyu masu shan metotireksat da limfoma ta kama, aka tsayar da maganin, ƙarin ya baje da kansa. Tun daga nan aka yi ta samun irinsu, musamman a Japan, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa wannan nau'in gurbi a cikin rabe-raben limfoma.

Sai dai wannan rabin labarin ne, kuma ƙannenki rabin kaɗai suka ji. Ciwon da kansa, ba tare da kowane magani ba, yana jawo limfoma. Mai amosanin gaɓɓai irin wannan haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Wani babban bincike da aka buga daga Suwidin a 2006 ya bi tarihin masu wannan ciwo 378 da limfoma ta kama, ya gwada su da wasu 378 da ba ta kama ba, ya tarar haɗarin ya taru ne kan waɗanda ciwon ya daɗe yana ci musu da wuta ba a kashe ba. Ma'ana, da kin bar Inna yadda take, yatsu a kumbure shekara bakwai, da ba ki tsare ta daga limfoma ba. Da kin bar ta da haɗarin, kin ƙara mata da gurguntaka. Ko bayan an auna naman, babu likitan da zai iya dafa Alƙur'ani ya ce da ba ta sha ba da ba ta kamu ba.

Maganin kuma ba na gwaji ba ne. Tun 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga wannan ciwo, yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata ƙasa ta rasa ba, kuma shi ake fara bayarwa a Yamai da Faris da Makka. Masu shansa ba su ƙirguwa, mafi yawansu kuma har su tsufa ba sa ganin limfoma. Wadda ta fara daga surenal kuwa ba ta kai 1 cikin 100 na limfomar ba. Likita na iya gama aikinsa bai gamu da ita ba. Wa zai hango wannan daga Tawa?

Ki ƙirga abin da shekara bakwai ɗin nan suka ba ta. Ta ɗaura zanenta da hannunta. Ta yi alwala ba ta jira kowa ba, ta kai goshinta ƙasa. Ta goya jikoki, ta shiga kasuwa ta yi ciniki. Mace mai kunyar ƴar farinta, wadda ko sunanki ba ta kamawa, kin san abin da ke cikin ranta lokacin da sai ke ke yi mata wanka. Kin mayar mata da suturarta, da shawarar likita, da kuɗin guminki. Ni ban ga laifi a nan ba, kuma ba don in lallashe ki nake faɗa ba. Da na ga sakaci, da na gaya miki.

Kada kuma ku yi makokin abin da ba a tabbatar ba. Har yanzu zargi ne. Sikana na nuna ƙari, ba ya faɗin sunansa. A ƙasarmu, in aka ga surenal biyu sun kumbura ga mai rama da zufan dare, dole a tuna da tarin fuka, ko da ba ta tari ko sau ɗaya. Tun 1855 da likitan Ingila Thomas Addison ya bayyana ciwon gazawar surenal, tarin fuka ne kan gaba cikin masu jawo shi, kuma a yankinmu bai sauka daga nan ba. Mai shan magungunan da ke lafar da garkuwa ya fi mai lafiyayyar garkuwa saurin kamuwa. Tarin fuka kuwa yana warkewa, maganinsa kyauta ne. In shi ne, ki tuna wa likita cewa rifampisin, ɗaya daga cikin magungunansa, yana sa hanta ta ƙone kortizon da sauri, don haka sai an ƙara adadin. Akwai kuma wata cutar fungas da ke kama surenal, akwai dajin da ke tasowa daga wani wuri ya sauka nan. Shi ya sa tsakuro naman ya zama dole, kuma ina roƙonku kada ku bari ranar ta wuce. Mutane na cewa in allura ta taɓa ƙari sai ya fusata ya bazu. Wannan tsoron ya sa mata da yawa sun zauna gida har lokaci ya ƙure. Kafin a yi, likitoci sukan auna jini ko fitsari don tabbatar da cewa ba wani ƙari ba ne mai tunzura hawan jini, wanda shi ba a soka masa allura. Ki tambaya ko an yi. Ki faɗa musu in tana shan aspirin, ki kuma tambaya ko za a ƙara mata kortizon ranar aikin. Kada wani ya ba ta ƙwayoyin dekzametazon na ƴan tebur don ta yi ƙiba ko ta ji ƙarfi. Suna iya narkar da ƙarin na ɗan lokaci su ɓata awon, a rasa gane abin da ake yaƙi da shi.

In limfomar ce, ga abin da ke gabanku. Wani kaso mai yawa na masu irin wannan, a wasu rahotanni rabi ko fiye, ƙarin na ja da baya bayan an tsayar da metotireksat kawai, yawanci cikin makonnin farko, musamman in an samu Epstein-Barr a cikin naman. Kwana goman da likita ya ba ku ba zaman banza ba ne, kallo ake yi. Ki sayi ma'aunin zafi da ɗan littafi, kullum ki rubuta zafin jikinta safe da dare, ko ta yi zufa, abin da ta ci, nauyinta duk mako. Wannan littafin zai yi wa likita amfani fiye da "da sauƙi" da muke amsawa ko muna mutuwa. Amma ba zan ɓoye miki ba: limfomar surenal tana cikin masu saurin ci, kuma ko ta ja da baya tana iya dawowa, don haka bibiya ba ta ƙarewa da sikana ɗaya mai kyau. In ba ta ja ba, sai maganin daji na ƙarin ruwa. Wanda aka fi yi wa nau'in da ya fi yawa haɗin magunguna biyar ne da ake kira R-CHOP, duk kwana 21, yawanci zagaye shida. Gashi na zubewa, jiki na laushi, amma limfoma tana cikin dajin da ke jin magani, akwai waɗanda suka rabu da ita. Ki tambaya ko za a auna naman a ga alamar CD20, don ita ke nuna ko rituksimab, wato R ɗin, zai yi aiki; in ba a yin awon a inda kuke, ki tambaya inda ake aikawa. Kafin a fara dole a duba ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu kuma rituksimab na iya tayar da shi daga barci, a duba sida, a duba ƙarfin zuciya. A Yamai akwai Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, akwai Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Referans. Likitanku zai nuna muku ƙofar da ta dace. Ki nemi ofishin taimakon jama'a na asibitin tun ranar farko, kada ki ji nauyi.

Gaɓoɓin za su iya tashi bayan ƴan makonni, tunda an janye abin da ke danne su. Nan ne jarrabawa, don Inna za ta ce a dawo mata da ƙwayar Juma'arta. Kada a dawo da ita. Kada kuma a cika ta da diklofenak da ibuprofen na bakin hanya, suna cin ƙoda da ciki, ga ta kan kortizon. Akwai wasu magungunan da likitan gaɓɓai zai iya zaɓa, kuma rituksimab ɗin kansa ana ba masu amosanin gaɓɓai, sau da yawa yakan kwantar da su tare.

Kawu ɗan'uwanta ne ciki ɗaya, tsoro ne ke magana da bakinsa. Kada ki yi masa gardama gaban mutane, ba za ki ci ba, kuma ko kin ci kin yi asara. Ki same shi shi kaɗai bayan sallar isha, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce: Kawu, maganarka ta zama gaskiya kan guda ɗaya, likita ma ya tsayar da shi, amma ɗayan shi ke riƙe da numfashinta, ina roƙonka ka raka mu Yamai ka ji da kunnenka. Dattijon da aka ba girmansa, aka sa shi gaba, shi zai koma yana tsare miki ledar. Addu'a da rubutu da zamzam da sadaka, a yi su a ƙara. Abin da nake roƙo a nisanta shi ne duk wani jiƙo ko sassaƙe mai wankin ciki, mai sa amai ko gudawa, wanda akan ce yana fitar da cutar. Ga mai lafiyayyen surenal wahala ce ta kwana ɗaya, ga Inna kuwa hanyar kabari ce. Sauran ma a kai wa likita ya gani kafin ta sha, don hanta da ƙodarta na da babban aiki a gaba.

Ƙannenki suna nesa, ba su ga ramar ba sai a hoto, ba abin da hannunsu ke iya yi, shi ya sa harshe ya yi aikin. Maganarsu ta yi muni, kuma ya kamata wata rana su ba ki haƙuri, amma kada ki tsaya jiranta yanzu. Ki daina amsa saƙon murya cikin dare. Ki tura musu hoton kowace takarda da kowane rasit, ki ce ga abin da ake buƙata, ga ranar. In za ku shiga wajen likita ki roƙi izini ki kira su a waya su yi tambayarsu da kansu. Ki kuma nemi wata cikin dangi da za ta riƙa karɓarki, don jinyar na iya kai wata shida a Yamai, ke ma kina da gida.

Sai batun gaya mata. Ku gaya mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta shekara tana sanin sanyi a ƙashinta ta san wannan ba shi ba ne, tana yin shiru ne don ta ga kuna yi. Ban da haka, ita ce mai haɗiye ƙwayar. In ba ta san cewa ta safen nan ba ta ƙetaruwa ba, ranar da ba kya nan wani ya ce ta bari, za ta bari. Ba sai an jefa mata kalmar daji ba tun ba a tabbatar ba. A ce mata an ga kumburi bisa ƙoda, ana zargin abu mai nauyi, za a auna a gani, an tsayar da maganin Juma'a don yana iya zama da hannunsa, na safe kuwa ko ana ha-maza-ha-mata ba a fasa shi. Daga nan ku bi ta. In ta tambaya a amsa mata gaskiya, in ta ce ta bar wa Allah da ku, a bar ta. Tunda akwai kunya tsakaninku, ki sa ƙanwarta ko aminiyarta ta buɗe maganar, ke kina zaune. Kada a ware mata kwano ko moɗa, limfoma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ina kyautata zaton in ta ji abin da ƴaƴanta maza suka faɗa miki, ita za ta kashe maganar da kalma ɗaya.

Ku kuma masu karatu da ke shan metotireksat, ko kuke ba wani naku, kada wasiƙar nan ta sa ku ajiye shi. Ku sha sau ɗaya a mako, rana guda tsayayya, don shansa kullum bisa kuskure ya kashe mutane fiye da yadda ake zato. Ku riƙe asid folik ɗinku, ku yi awon jini da na hanta a kan lokaci, kada ku haɗa shi da Bactrim, mace kuma kada ta ɗauki ciki tana kansa. In kaluluwa ta fito ta ƙi bajewa, ko zazzaɓi da zufan dare da rama suka wuce mako biyu, ko gyambon baki ya ƙi warkewa, ku koma wajen wanda ya rubuta muku maganin ku ambaci sunansa, kada ku tsaya kan maganin zazzaɓin sauro zagaye bayan zagaye.

Ƴata, in sakamakon naman ya fito ki ɗauki hotonsa ki turo mini, mu karanta tare layi-layi kafin ki koma wajen likita, don ki san abin da za ki tambaya. Ki ci abinci, ki samu barci ko na awa huɗu ne. Ki gaishe mini da Inna da jiki, ki gaishe da Kawu.